Mutanen Bayan Boksi

Duk mai wayar shafa a Gadarif ta ƙasar Sudan ya taɓa cin karo da tallar tsibirin Fuket na ƙasar Tailan: ruwa shuɗi kamar an juye masa baba, yashi fari kamar garin shinkafa, ga uba da uwa da yara biyu suna ta washe baki, babu mai kuka, babu mai neman takalminsa. A ƙasan hoton sai a rubuta cewa wurin ya dace da iyali. Wannan 'yar magana tana ɗauke da babbar da'awa, wato daɗin fita da iyali a jikin wuri yake, kamar yadda zaƙi yake a jikin rake, in ka dace da yashi mai kyau rigima ta ƙare. Wanda ya taɓa ganin an loda gida guda a bayan boksi, wato motar a-kori-kura, ranar Asabar ko washegarin Sallah ya san da sauran magana. Alherin rihila, wato fita shan iska da iyali, da sharrinta daga gida ake ɗauko su, tare da tabarma da gawayi, kuma tun direba bai tayar da mota ba mai hankali ya san yadda yinin zai ƙare. Shaidun wannan magana ba su da nisa, suna zaune a bayan boksin, kowa ya rungume halinsa.

Kafin a kira su, a fara wanke Gadarif daga zargin rashin wurin zuwa. Gaskiya ne ba ta da teku, kuma gari ne da ya daɗe yana fama da ƙishirwa, har sai an turo masa ruwa daga Kogin Atbara ta Shuwak. Amma da damina ta kankama, daga Yuni zuwa Oktoba, baƙar ƙasar nan da ta tsattsage da rani kamar faso sai ta koma kore shar iya ganin ido. Ga duwatsun Tawawa a gefen gari, ga madatsar Saraf, ga bakin Atbara da Setit inda aka buɗe tagwayen madatsu a 2017. Mai ƙarfin man fetur yana iya miƙewa Kasala, tafiyar sama da kilomita 200, ya zauna a gindin duwatsun Taka ya sha jabana, wato gahawa, a Totil tare da amare da angwaye. Can kudu kuma ga gandun dajin Dindir da aka keɓe tun 1935. Hausawan wannan ƙasa, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, sun ari kalmar rihila a wurin maƙwabta, sun ari angarib, wato gadon igiya, da jabana, su kuma suka ba Sudan agashe, wato tsire. Wuri dai akwai shi. Saura mutane.

Na farko shi ne Sarkin Shiri. Shi ne ke buɗe zauren WhatsApp mako uku kafin ranar, ya sa masa suna mai nauyi kamar na ƙungiyar agaji, ya naɗa kansa shugaba ba tare da hamayya ba. Burinsa ba ya taɓa yin daidai da tsawon yini. Zai kawo shawarar a je Dindir a ga ɓauna da zaki a dawo kafin magariba, alhali hanyoyin gandun ba sa biyuwa da damina, da rani kuma tafiyar kaɗai ta isa ta cinye yinin. Da aka lallashe shi ya sauko zuwa bakin Atbara, sai ya fitar da jadawali: tashi ƙarfe shida, isa ƙarfe takwas, karin kumallo takwas da rabi, nishaɗi ƙarfe tara. Mutum ne da ya yi imani cewa dariya ma ana iya yanka mata lokaci. Ya rubuta wanda zai kawo lemo, wanda zai kawo ƙanƙara, wanda zai kawo dumna, wato domino, da kati, ya manta da abu ɗaya tak, kuma kullum abin da aka ɗora wa shi kansa ne: wuƙa, ko gishiri, ko ashana. Idan aka isa aka shimfiɗa rago babu abin yanka shi, zai duba takardarsa ya tabbatar wa jama'a cewa a rubuce dai wuƙar tana nan.

Abokin gabarsa na har abada shi ne Gani-Nan-Tafe. Jadawalin Sarkin Shiri a hannunsa yake mutuwa. Ƙarfe shida ba ya ɗaukar waya. Ƙarfe bakwai ya ɗauka da muryar da ba ta wanke baki ba, ya ce yana kan hanya, ana jin ƙarar bokiti a bayansa. Ƙarfe takwas ya ce ya kusa masallaci, bai kuwa faɗi wane masallaci ba, a garin da kowace unguwa ke da nata. Ba a iya tafiya a bar shi, domin Allah ya jarrabi dangi da cewa shi ne mai babban kulan ƙanƙara, ko kuma shi ne ƙanin mai motar. Ƙarfe goma sha ɗaya zai sauko daga raksha mai ƙafa uku cikin farar jallabiya mai guga, yana ƙamshi, ya dubi mutanen da rana ta gasa tun hantsi ya ce, "To me ake jira? Mu tafi mana!" Kalmar malesh, wato a yi haƙuri, ya mayar da ita kuɗin shiga mota. Abin lura a nan shi ne sa'o'i biyar na sanyin safiya, waɗanda su ne tsokar yinin, an cinye su a ƙofar gida, kogi ma bai san ana zuwa ba.

Da an bar kwalta sai Masanin Hanya ya karɓi mulki. Yana zama kusa da direba, hannunsa a waje yana nuni kamar mai raba gado. Ya san wani yanke, ya taɓa binsa, kodayake in an matsa masa da rani ne, kuma a kan babur. Abin da ya kasa koya shi ne halin ƙasar Gadarif. Wannan baƙar laka da ta sa jihar ta zama rumbun dawa da riɗin Sudan, da ta sha ruwa takan zama danƙo, ta kama taya kamar mai bin bashi, ta ɗaura wa kowane takalmi dutsen niƙa. Ko kwarin da ya ratsa garin, Abu Farga, sunansa na nuna wofi ne, amma ruwa ɗaya ya isa ya cika shi ya tsare mutane a tsallake. Masanin Hanya ba ya ɓata, sai dai hanya ta canza wuri. Idan boksi ya nutse har gindi, shi ne zai fara sauka ya tsaya a tudu yana ba masu turi umarni. Sa'ar da aka yi ita ce tun cikin shekarun 1940 aka fara noman inji a Gadambaliya, saboda haka a wannan ƙasa tarakta ba ta nisa. Mai tarakta ya san Masanin Hanya, yana kuma yi masa addu'ar tsawon rai, domin a sanadinsa yara ke cin nama da damina.

Dalilin nutsewar motar kuwa rabinsa yana wuyan Hajiya Uwar Kaya. A fahimtarta rihila ƙaura ce ta yini ɗaya. Ta ɗauko angarib saboda bayan tsohuwa, ta ɗauko turmi saboda jabana ba ta daɗi sai an daka ta a wurin, ga kisra, wainar dawa mara kauri, an naɗe kamar takardun kotu, ga tukunyar miya, ga fura da nono, ga zoɓo da tsamiya da kuka kowanne da jarkarsa, ga bargo a watan da ake gumi, ga maganin ciwon ciki da na cizon kunama. Yara a kan kaya suke zama, ƙafafunsu na lilo. Kowa yana mata tsiya a ƙofar gida, "Gwaggo, ƙofar ɗakin fa, ba za a cire a tafi da ita ba?" Ita kuwa ba ta tankawa, domin ta san lokacinta na zuwa. Matar da ta girma a garin da ake sayen ruwa a bayan jaki ba ta yarda da alkawarin cewa akwai ruwa a can ba. Da azahar ta yi, wanda ya fi kowa dariya shi ne zai rarrafo yana tambaya ko akwai ɗan gishiri, ko da wata tsohuwar wuƙa. Akwai. Za ta ba shi, amma sai ta sa ya maimaita maganar ƙofar ɗaki a gaban jama'a.

Sai Sarkin Wuta, abin al'ajabin zamani. Shekara guda cur bai san inda ake ajiye ludayi a gidansa ba, amma da ya ga gawayi a fili sai jinin kakanni ya motsa. Ya naɗe hannun riga, ya kori kowa daga murhu, ya yi shelar cewa agashe gadon Hausawa ne kuma yau za a ga na asali. Ba ya faɗin cewa tun daren jiya mata suka yanyanka naman siriri, suka daka ƙuli-ƙuli da yaji, suka soke shi a tsinke. Nasa aikin fifita da juyi da ɗanɗano, kuma a ɗanɗanon ya fi ƙwarewa. Kowane tsinke sai ya tabbatar da gishirinsa, har rabin rago ya tafi wajen bincike. Yana aiken yara goma a lokaci guda, yana faɗa da iska, yana zargin gawayi da jiƙa. Abincin da jadawali ya sa ƙarfe ɗaya sai bayan la'asar yake sauka, waje ya ƙone, ciki da jini. Duk da haka shi ake yi wa kirari, shi ake ɗauka hoto da hayaƙi a bayansa, kuma har Sallah ta zagayo yana ba da labarin ranar da ya ciyar da dangi.

A gefen tabarma kuma akwai mutum biyu da Allah ya halitta don juna, Ma'aji da Ɗan Bulus. Ma'aji shi ke tara kuɗin karo-karo ta manhajar Bankak, kuma bai yarda da kalmar na tura ba sai ya ga hoton shaida. Yana da ƙa'idoji masu zurfi a kan ko yaro ɗan shekara bakwai rabin mutum ne ko cikakke, yana kuma sake duba hukuncin in ya ga yadda yaron ke cin nama. Idonsa na bin kowace kwalbar lemo har ƙasa. Shi kuwa Ɗan Bulus wayarsa ba ta taɓa samun sabis a ranar biya. Zai ɗaga ta sama, ya hau tudu, ya girgiza kai, ya ce manhajar ce ta tsaya, da an koma gari zai tura. Ya zo da abokai biyu da ba a lissafa da su ba, ya zauna daidai inda tire ke sauka, kuma shi ne ke fara cewa naman bana bai kai na bara ba. Ma'aji zai bi shi wata uku. Wannan bashin ne ke riƙe da zumuncinsu, domin ba don shi ba da babu mai kiran wani.

Akwai kuma wanda gangar jikinsa kaɗai ta zo, Alhaji Farashi. An shimfiɗa masa darduma a inuwa mafi kyau, amma ransa yana kasuwar amfanin gona ta Gadarif, inda ake gwanjon riɗi. Waya biyu gare shi, ɗaya a kowane kunne, yana tambayar nawa ƙindar na riɗi ya kwana, nawa ardab na dawa ya tashi. Idan yara suka nuna masa hadari suna murna, shi lissafin kadada yake gani. Idan aka ce ya dubi kyan kogi, sai ya ce da za a sa famfo a nan da an yi albasa. Ba a cika zarginsa ba, domin riɗi ba ya jiran kowa, in ya nuna ba a yanke ba kwanson ya fashe ya zubar da shekara guda a ƙasa. Amma ɗansa ƙarami da ya yi mako yana ɗokin ya nuna wa Baba yadda yake buga ƙwallo, zai buga, ya waiga, ya ga ƙeya. A hanyar dawowa Alhaji zai ce lallai an huta, ya kamata a riƙa yin haka.

Wanda ba ya barin kunne ya huta shi ne Kawu Tarihi. A wurinsa babu tudun da ba a yi yaƙi a kansa ba. Ya san cewa da can Suk Abu Sin ake kiran garin, ya san cewa a Galabat, can kan iyakar Habasha, aka kashe Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu a yaƙinsa da mayaƙan Ansar na Sudan a 1889, ya san Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya jagoranci jama'a har bakin Shuɗin Nilu. Duk wannan gaskiya ne. Matsalar ita ce kakansa yana cikin kowane yaƙi, a sahun gaba, kuma shekarun tafiyarsa a ƙasa daga Kano suna ƙaruwa duk rihila: bara bakwai ne, bana sun zama goma sha biyu. Samari suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya zuwa musun ƙwallon Hilal da Marikh, a bar shi da jariri da wanda ƙafarsa ta yi sanyi. Sai dai a lura, yaran da Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, a wannan tabarmar kaɗai suke jin sunan Burmi da Haɗeja da Katagum, kuma shekara ashirin nan gaba ɗayansu ne zai gaji kujerar, har da ƙarin gishirin.

Bayan kowane yaro kuma akwai muryar kaka, Haboba Kar-Ka. Kar ka shiga ruwa, kar ka hau dutse, kar ka zauna a gindin aduwa, kar ka ɗaga wannan, kar ka yi dariya da yawa. Hujjarta kullum ɗaya ce, wurin yana da masu shi. Jikokin da suka yi boko suna ƙyafta ido, amma a auna hukuncinta da na likita a gani. Ruwan da ba ya gudu, na hafir, wato tafkin da aka haƙa, da na magudanar rani, shi ke ba yara tsargiya. Atbara da Setit daga tsaunukan Habasha suke gangarowa, suna iya tasowa da ruwan da aka yi can nesa alhali a nan rana ake ƙwallawa. Jihar Gadarif kuma tana cikin wuraren da cutar kala'azar ta fi kamari a duniya, ɗan ƙudan da ke yaɗa ta yana son dajin talha da aduwa da tsagar baƙar ƙasa, kuma da faɗuwar rana yake fita cizo. Saboda haka idan Haboba ta miƙe tun la'asar sakaliya tana naɗe tabarma tana cewa magariba ba ta samun jikokinta a daji, ta ba da amsa daidai, ko da lissafin da ta bi ya bambanta da na asibiti. Laifinta ɗaya, ta haɗa kogi da tsalle-tsalle a hukunci guda, har yara suka daina bambance haninta na gaske da na al'ada.

Sai tagwayen zamani, Mai Hoto da Da-A-Ce. Mai Hoto ba ta ga kogin ba tukuna, sai ta koma gida za ta gan shi a waya. Ba a taɓa abinci sai ta ɗauka, ba a zama sai ta jera mutane, kuma ta iya karkata waya yadda tulin kwanuka da boksi mai laka ba za su fito ba. Da-A-Ce kuwa ya taɓa yin wata shida a Jidda ko Alƙahira, ko kuma ya dai yi yawon duniya da babban yatsa. Komai aka nuna masa sai ya yi tsaki ya ce da a ce Fuket ne. Yana faɗa yana jefar da robar ruwa a bakin kogi. Ya kamata wani ya gaya masa cewa shahararriyar gaɓar Maya da yake gani a hotunan Tailan, hukuma ce ta rufe ta a 2018 saboda ɓarnar masu ziyara, ba a sake buɗewa ba sai a 2022, da sharuɗɗa masu tsauri. A Dindir ma fadamun da namun daji ke taruwa da rani maya ake kiran su. Maya ta can da maya ta nan, babu wadda ke bukatar baƙon da ya yaba wuri da baki ya ɓata shi da hannu.

To, mai musu zai ce an yi wa wuri rashin adalci, ai inuwa da ruwa mai tsabta da hanya mai kyau da makewayi ba ƙananan abubuwa ba ne, musamman ga mai goyo da tsoho. Wannan gaskiya ne, kuma hukumar da ta gyara bakin madatsa ta sa kwandon shara ta yi aikin lada. Amma a gwada ɗaukar mutanen boksin nan a sauke su a Fuket. Gani-Nan-Tafe zai sa jirgin ruwa ya tafi ya bar su, Masanin Hanya zai gaya wa matuƙin kwalekwale cewa ya san wani yanke, Ma'aji zai nemi hoton shaida da kuɗin Tailan, Haboba za ta gano cewa teku ma tana da masu ita, Da-A-Ce kuma zai dubi farin yashi ya ce da a ce Maldif ne. Wuri mai kyau yana rage wahalar jiki, amma hali zanen dutse ne, ba ya narkewa a ruwan gishiri.

Wani zai ce in haka ne magani mai sauƙi ne, a bar masu matsala a gida. Sai a tambaye shi wa zai rage a motar. Ba don Sarkin Shiri ba da maganar ta mutu a fatar baki, ba don Uwar Kaya ba da an yini da ƙishirwa, ba don Ma'aji ba da mutum ɗaya ne zai ɗauki nauyi ya rantse ba zai ƙara ba, ba don Haboba ba da an dawo da yara ba su cika ba. Ko Masanin Hanya yana da amfaninsa, domin rihilar da mota ba ta maƙale ba babu mai tuna ta bayan mako biyu. Aibin kowannensu da amfaninsa a tukunya ɗaya aka dafa su. Kuma in an yi gaskiya, babu mai karanta wannan da bai ga wani nasa a ciki ba, kamar yadda babu wanda ya ga kansa. Laifi tudu ne.

Musu mafi nauyi shi ne na lokaci. Tun 15 ga Afrilu 2023 Sudan take cikin yaƙi, Gadarif ta karɓi mutanen Khartum da na Madani har makarantu suka zama masauki, ga 'yan gudun hijirar Tigray a Um Rakuba tun 2020, gidan da aka gina don mutum takwas yana kwana da talatin. Ana iya cewa zancen rihila a irin wannan hali rashin ta-ido ne. Amma gidan da ya cika ya batse shi ya fi kowane gida bukatar fili. Yaron da ya baro unguwarsu da ƙarar bindiga a kunne yana da haƙƙin yini ɗaya da babu abin da za a ce masa sai kar ka hau dutse. Kuma tunda daɗin ba a jikin wuri yake ba, ba sai an ƙona man zuwa Kasala ba, inuwa a bayan gari da butar shayi sun isa, muddin akwai aminci a hanya. Tsadar rayuwa ta rage ragon ta mayar da shi kilo biyu, amma ba ta rage ko mutum ɗaya daga cikin shaidun nan ba.

Saura mutum ɗaya, wadda ba a lissafa ba domin ba ta cika fitowa a hoto ba. A kira ta Mai Miƙo. Wani gidan babbar 'ya ce, wani gidan amaryar ƙarami ce, wani gidan 'yar riƙo. Sunanta ne aka fi kira a yinin, kuma kullum da aiki a bayansa: miƙo ruwa, karɓi yaron nan, duba wutar shayi, ina murfin kula. Ita ta tashi da asuba ta yi kisra, ita ta soke naman da aka yi wa Sarkin Wuta kirari a kansa, ita ke wanke kwanuka da ragowar ruwan jarka lokacin da maza ke buga dumna. Madafin gida aka ɗauko aka kai mata daji, aka cire mata famfo da inuwa, aka ce ta zo hutu. Masu cewa haka al'ada ta gada su tuna cewa a wannan rana kaɗai namiji ya riƙe mafici a gaban murhu kuma rawaninsa bai faɗi ba. Wanda ya iya juya tsire ya iya ɗauraye tire.

Saboda haka ga ma'aunin da babu kamfanin yawon buɗe ido da zai buga a talla. Kada a tambayi launin ruwan, kada a tambayi kilomita nawa aka ci. Idan boksi ya juyo gari da yamma, laka har gilashi, yara sun yi barci a kan jarkoki, Kawu Tarihi yana ƙarasa yaƙin Galabat shi kaɗai, a waiga a tambayi Mai Miƙo ko ta sami zama a tabarmar da ta shimfiɗa, ko kuma ta sha shayinta da zafinsa. In ta ce ta sha, to wurin ya dace da iyali, ko da gindin bishiya ɗaya ce a hanyar Doka. In kuwa ta tarar da kofin ya huce, ƙuda ya faɗa ciki, to dangi sun sha iska, ita kuwa aiki ta je yi a daji, kuma ko Fuket aka kai ta kofin nan haka zai huce.